Shaidar da Na Bayar a Kan Ɗanjuma

Baban Saratu,

Gaisuwa mai yawa. Na san takardar nan ba za ta same ka ba, amma tun da muka kai ka makwancinka ban sami wanda zan faɗa wa magana har ƙarshenta ba.

Ina nan a ɗakinmu na Gwale. Saratu ta koma makaranta Zariya, saboda haka ni kaɗai nake cin tuwo. Malam Sani, mai gidan da muke haya, ya gyara rufin da ke yoyo.

Maganar Ɗanjuma ce, ɗan ƙanenka Bitrus. Wata Lahadi ya ɗauko ni daga coci a Adaidaita Sahunsa. Daf da Ƙofar Nassarawa yana amsa waya, sai ya buge wata tsohuwa tana tsallaka titi, ya karya mata ƙugu. Na yi ta ihu ya tsaya, ya ƙi. Mai Adaidaitan da ke bayanmu ne ya tsaya ya ɗaga ta, sai jama'a suka zaci shi ya buge ta, suka kama shi suka miƙa wa 'yan sanda. Washegari na ji kuka a lungunmu. Ashe wanda aka kama Habibu ne, ɗan Inna Hauwa mai waina.

Bitrus ya zo da matarsa suka durƙusa mini. Suka ce mu Kirista 'yan kaɗan ne a cikin birni, in aka ji ɗanmu ne ya yi wannan ya gudu, ba a san inda abin zai tsaya ba. Ni ma na ji tsoron. Amma yaya zan buɗe baki in yi wa Yesu waƙa ran Lahadi, ɗan wata yana tsare saboda shiruna? Na roƙi Ɗanjuma ya kai kansa, ya ƙi. Sai na ɗauki mayafina, Malam Sani ya raka ni wurin 'yan sanda, na faɗi abin da idona ya gani.

An saki Habibu. Ɗanjuma yana tsare, magana tana kotu. A unguwa ba wanda ya ce mana uffan. Danginka ne suka ɗauke ƙafa. A coci, in na zauna a benci sai matan su matsa. Fasto ya ce na yi daidai, amma shi ba ya biyo ni gida ya ga yadda ɗakin yake shiru.

Da kana nan, kai za ka shiga gaba ina biye. Ban taɓa gaya maka ba, duk shekarun nan a inuwar gaskiyarka nake fakewa. Ashe haka take da nauyi in mutum shi kaɗai ne? Kai ma haka ka riƙa ji, ba ka faɗa mini ba?

Ina zuwa asibiti duba tsohuwar, ina kuma kai wa Ɗanjuma abinci. Da farko maido mini kwanon yake yi. Makon jiya ya karɓa. Bai ɗago ya dube ni ba, amma da na juya zan tafi, sai ya tambaye ni ko tsohuwar ta fara takawa.

Ka huta lafiya a wurin Ubangiji.

Matarka,
Rifkatu