Gahawar Doña Eufemia

Litinin, 3 ga Maris
Gwiwoyina sun gaji da durƙuso. Yau na kai ɗalibaina masu koyon gyaran famfo gidan Doña Eufemia, shugabar matan unguwa, wadda ta shawo kan maƙwabta suka bar mu muna koyon aiki a gidajensu. Saiwar mangwaro ce ta fasa bututun masai. Yokasta, gwanar ajin, ta yi komai yadda na koyar: leda a shimfiɗe tun daga ƙofa, safar hannu, bokitin ƙazanta daban, ta wanke tsakar gida tas. Raina ya yi fari.

Sai Doña ta fito da gahawa a kofunanta na baƙi. Yokasta ta ɓoye hannu a baya: "A'a Doña, ba ma kai komai baki a gidan aiki." Dokata ce, ba ragi ba ƙari.

Laraba, 5 ga Maris
Gida uku sun aiko kada mu zo. Wai mun ƙyamaci gidan Doña. In ba mu gama aikin gidaje ba, babu mai samun takardar shaida bana. Yokasta kuwa da wannan takardar za a ɗauke ta aiki a otal.

Alhamis, 6 ga Maris
Ciwon baya.

Juma'a, 7 ga Maris
Na je ba da haƙuri. Tana kan kujerarta mai lilo, ko motsi ba ta yi ba. "Profe," ta ce, yadda ake kiran malami a nan, "ƙazantata kun taɓa, gahawata ce ta fi ƙarfinku?" Na shiga bayanin ƙwayoyin cuta, yadda suke laɓewa ƙarƙashin farce. Ta katse ni: "Kai da karatunka! Garinku ba a sayar da sabulu ne?"

Ni ke da gaskiya. Na ga masu sana'ar nan da yawa a gadon asibiti saboda gurasa ɗaya da hannu mai datti. Amma na gaji.

Talata, 11 ga Maris
Yokasta ta tsaya bayan an tashi. "Profe, abin da ka ce fa na yi." Na ce haka ne, 'yata.

Asabar, 15 ga Maris
Doña ta yarda mu duba haɗin bututun. Ba ya yoyo. Da muka gama na buɗe akwatin kayan aiki: sabulu, burushin farce, riguna wankakku. Ban yi wa kowa bayani ba. Muka wanke hannu har gwiwa a famfon tsakar gida, tana kallo, muka sauya riga, muka zauna a baranda.

"Miƙo in gani, 'yar gayu," ta ce wa Yokasta. Ta juya hannun gaba da baya, sannan ta zuba mata. Ta ɗaga murya ta kan katanga, ta kira maƙwabciyarta, ɗaya daga cikin waɗanda suka hana mu zuwa: "Nelsida! Litinin za su zo miki, ki ɗora ruwan gahawa!"

Dokata tana nan daram. Sabulu kawai na ƙara mata.

Sukari ya yi yawa. Kofi biyu na sha.