Ku Daina Zuwa Wanke Mini Esi

Zuwa ga Manajan kamfanin kula da na'urorin sanyaya ɗaki, reshen Kafanchan.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyalinka da ma'aikatanka, ina roƙon ka ba ni aron kunnenka na ɗan lokaci. Sunana Bulus Yohanna, tsohon makanikin jirgin ƙasa, na yi ritaya ina zaune a gidana a nan Kafanchan. Ban ambaci sunan kamfaninku ba, don ba ɓata muku kasuwa na fito yi ba. Na san ka saba da takardun masu kukan cewa ma'aikatanku ba su zo ba, ko sun zo sun jagwalgwala aiki. Nawa kukan daban ne. Ma'aikatanku suna zuwa a kan lokaci, suna yin aiki tsaf, kuma abin da ya dame ni ke nan. Sau biyu na tako zuwa ofishinku, na kuma aiko da takarda ta hannu, shiru. Shi ya sa na fito da maganar fili.

1. Ni ba mutumin esi ba ne. Wanda ya ƙare ƙuruciyarsa a ƙarƙashin injin jirgi, zafin watan Maris ba ya ba shi tsoro. Matata Saratu ce ciwo ya kwantar, zafi yana hana ta numfashi, sai ɗanmu Habila, da ke aiki a Abuja, ya sayo esi ya kafa a ɗakinta, ya haɗa da sola saboda halin wutarmu. Shekara biyu ta sha sanyinsa, Ubangiji ya kira ta gida. Na so a cire shi. Habila ya ce a bar shi, in koma ɗakin da kwana, shi kuma zai riƙa zuwa duk bayan wata uku yana wanke shi. Na gane abin da yake nufi, shi ma ya san na gane.

2. Ga yadda muke yi. Yakan iso ran Juma'a da yamma. Asabar da safe, bayan mun sha kunu, sai ya kashe wutar esin, ya ɗaga murfi, ya zare ragar nan biyu masu tace iska ya miƙo mini. Ni nake wanke su a roba, da sabulu da tsohon buroshin haƙori, in shanya su a inuwar mangwaro, don rana takan lanƙwasa su. Daga nan mu zagaya bayan ɗaki wurin injin waje. Shi ya hau tsani, ni in riƙe. Ya share ganye da yanar gizo, ya kori ƙadangarun da suka mai da wurin masauki, ya hura bututun da ruwa ke ɗiga, don zanzaro yana son yin gini a bakinsa. Aikin minti arba'in ne, mukan ja shi har azahar. Ina ƙasa ina mita, wai ɗan makaniki guda yana riƙe sufana kamar cokali, shi kuma yana sama yana dariya.

Ranka ya daɗe, ni da Habila ba mu iya hira ba. Uwarsa ce mai baki a gidan, ita ke kai maganata wurinsa ta kawo mini tasa. In aka ajiye mu a falo muna fuskantar juna, gaisuwa na ƙarewa sai kowa ya zuba wa talabijin ido. Amma da zarar ya hau tsanin nan ya ba ni baya, hannunsa na cikin aiki, sai bakinsa ya buɗe, nawa ma haka. A kan tsanin ya gaya mini ya sami matar aure. A nan ya gaya mini an kusa korarsa daga aiki, abin da ya ɓoye wata shida. A nan muka fara kiran sunan uwarsa bayan jana'iza, ya yi kuka ya ce ruwan sabulu ne ya shiga masa ido, alhali robar sabulun tana ƙasa kusa da ƙafata. Na ce masa ya riƙa kula da sabulu.

3. Wata goma sha biyar da suka wuce, bayan an ƙara masa girma an kuma yi masa haihuwa, ya ga tallarku ya yi wa gidana rajista. Ya bugo mini waya yana murna, wai ya ɗauke mini wahala, ƙwararru ne za su riƙa zuwa da kayan aiki na zamani. Na ce na gode, Allah ya yi albarka. Me zan ce? Yaro ya yi abin kirki a ganinsa.

Tun daga nan sau biyar motarku ta tsaya a ƙofar gidana. Ma'aikacinku Malam Sama'ila mutum ne mai ladabi, a bakin ƙofa yake cire takalmi. Yakan rataya wa esin wata jakar leda mai tare ruwa, ya fesa da famfo, ya auna gas, cikin rabin awa ya gama. A matsayina na makaniki ina shaida, ya fi Habila iyawa nesa ba kusa ba. Sai ya ɗauki hoto ya tura wa Habila da rahoto cewa komai lafiya. Habila kuma ya turo mini hoton babban yatsa a waya. A duk watannin nan sau ɗaya ya zo, da Kirsimeti, gida cike da baƙi, ya kwana ɗaya ya juya. Jikata na ɗauke ta sau ɗaya, tana barci.

4. Zan faɗi laifina da bakina, kada a faɗa mini. Da damina ta kama, na kwaɓa jar ƙasa na toshe bututun ruwan da ita, na daidaita bakin kamar ginin zanzaro. Ruwa ya dawo ciki ya jiƙa bango. Na bugo wa Habila na gaya masa esi yana zubar da ruwa, ina jira ya ce ga shi nan tafe. Kafin awa uku motarku ta iso. Malam Sama'ila ya zaro ƙasar, ya juya ta a tafin hannu, ya ga shatin yatsana a jiki ɓaro-ɓaro. Ya dube ni, na dubi mangwaro. A rahotonsa ya rubuta zanzaro. Ranar bai tafi da wuri ba, ya zauna ya ci gwaten acca tare da ni, ya yi mini hirar mahaifinsa da ke Zangon Kataf. Na ji daɗin zamansa, amma da ya tafi na ji kunyar da ban taɓa ji ba, dattijo mai furfura, dattijon ikilisiya, yana kwaikwayon ƙwaro.

5. Bayan wannan na zo ofishinku don in soke rajistar kamar mutum mai hankali. Ma'aikaciyar da ke kan tebur ta duba kwamfuta ta ce mai rajista kaɗai ke da ikon sokewa, wato Habila, ni kuwa a wurinku adireshi ne kawai. Na tambaye ta ko adireshi ne ya gina gidan, ko adireshi ne ke kwana a ɗakin. Ta ba ni haƙuri ta ce ƙa'ida ce. Ban ga laifinta ba, amma raina ya ɓaci. Sau biyar kun shiga ɗakin da matata ta cika, ba wanda ya taɓa tambayata ko ina so.

Za ka ce me ya hana in ɗauki waya in ce wa ɗana ya zo. Na gwada ya fi a ƙirga. Nakan tambayi jikata, in tambayi aiki, in tambayi ruwan sama a can, sai in ji na ce sai an jima. Mutumin da bai taɓa ce wa ɗansa yana kewarsa ba, ba a waya zai koya ba bayan ya haura saba'in. In ma na ce ya zo, hankalinsa zai tashi, ya bar aiki ya taho a guje, mu zauna a falo yana kallona ina kallonsa.

Akwai kuma maganar da nake riƙe da ita. Likitan ido ya ce ciwon da ke cin ganina ba ya warkewa. Na hagu ya kusa rufewa, na dama kuma yana tsukewa daga gefe, maganin ɗigawa jinkirta shi kawai yake yi. Kwana huɗu na yi ina rubuta wannan takarda da manyan baƙaƙe. Ban gaya wa Habila ba, na yi ta ajiye maganar sai ranar da zan riƙe masa tsani, ku kuma kun hana ranar zuwa. Ina kewar yaron nan, ranka ya daɗe, kuma ina so in ƙare wa fuskarsa kallo tun ina iyawa. Na san takardar nan tana iya kaiwa gare shi. To, ta kai. Kai na rubuta wa, shi baya na ba shi, da haka muka saba magana.

Don haka ga roƙona.

Na farko, sabis na gaba da ke tafe, kada motarku ta zo. Ku bar ragar ta yi datti, ba za ta kashe ni ba.

Na biyu, aikin gas da na waya ku riƙe abinku, ba mu da kayansa. Wanki da shara kawai nake so a mayar wa ɗana.

Na uku, kada a taɓa Malam Sama'ila saboda maganar zanzaro. Rufin asiri ya yi mini, Allah ya rufa nasa. In kuma wani ɗa ya zo daga birni zai yi wa gidan iyayensa rajista, ku fara aika wani ya tambayi tsohon da ke cikin gidan.

Na ƙarshe, tunda rahotonku Habila yake karantawa ya gaskata, ku tura masa guda ɗaya ba tare da hoto ba. Ku rubuta cewa esi yana buƙatar wanki, kuma mai gida ya ce ba wanda zai taɓa shi sai ɗansa.

Ubangiji ya albarkaci kamfaninku, ya kare ma'aikatanku daga faɗuwa da jan wuta, ya ƙara maka lafiya da girma. Ya raya maka 'ya'yanka su ji ƙanka. Ranar da tsufa ya zaunar da kai kuma, Allah ya bar maka wani ɗan aiki a gidanka wanda ba mai iya yi maka shi sai su.

Wassalam.

Naka,
Bulus Yohanna,
Kafanchan.