Geron da na hana rana

Laraba, 7 ga Mayu 2025
Indiya da Pakistan sun fara harbin juna. A ofishin malamai ana ta dariya, wai ina ruwan Batsari. Ni ma na yi. Da na dawo gida na duba waya. Masana sun ce in aka kai ga nukiliya, hayaƙin biranen da suka ƙone zai hau ya wuce gajimare, inda ruwa ba ya iya wanke shi. Ya tare rana shekara da shekaru. Duniya ta yi sanyi, damina ta ja baya har nan wurinmu. Ni da nake koyar da noma, ban taɓa jin wannan ba.

Asabar, 10 ga Mayu
Sun tsagaita wuta. Ni ne ban tsagaita ba.

Lahadi, 15 ga Yuni
An yi ruwan shuka. Na roƙi Baba tafi ɗaya na irin geronsa, wanda ya ɗauko a gora ranar da 'yan bindiga suka tashe mu daga Ruma bara. Ko takalmi bai ɗauka ba, sai gorar. Na ce gwaji zan yi a fegin bayan gida: kunya biyu zan yi wa rumfa da tsofaffin gidajen sauro da baƙin buhu, in ga yadda gero ke yi in rana ta ragu. Sauran kunyoyin nasa ne.
Ya ce, "Musbahu, boko ne ya ce a yi wa gero kulle?" Amma ya ba ni.

Juma'a, 4 ga Yuli
Na Baba kore shar. Nawa ya yi tsawo siriri, ganyen fari-fari kamar mai jinya. Matata Barira ta ce in cire rumfar don Allah, ba ta son ganinsa in ta fita shanya. Wai mata sun fara tambayarta ko mijinta lafiya.

Talata, 22 ga Yuli
Na tarar da Baba durƙushe a ƙarƙashin rumfar yana tokare karan da suka kwanta. Bai ji zuwana ba. Da ya ɗago sai ya ce in sake yi masa bayanin hayaƙin nan, a hankali. Na yi. Ya ce, "Shekara nawa?" Na ce wasu sun ce biyar, wasu fiye.
"Iri ba ya shekara biyar a gora," in ji shi. "Mutuwa yake."
Ya tambaya ko akwai wanda za a kai wa kuka, ko hakimi, ko gwamna. Na ce ko su ba su da ta cewa. Ya ce ɓarayin daji ma ana sulhu da su.

Alhamis, 7 ga Agusta
Baba ya rage cin tuwo. Rabi yake maidowa.

Litinin, 18 ga Agusta
Baba ne fa, mutumin da aka ƙona wa rumbu huɗu a Ruma bai yi kuka ba. Yanzu duk hantsi sai ya fito ya kare ido da hannu ya dubi rana, ko ta dushe. In hadari ya wuni bai sauka ba sai ya kira ni: "Ba shi ne ba ko?" In ce gajimare ne kawai, Baba.
Ni na kawo masa wannan. Da ma na bar shi da tsoron da ya sani.

Asabar, 13 ga Satumba
Mun yanke gero. Na Baba ya yi dami biyu masu kyau. Nawa na murza zangarniya a tafin hannu, na hura. Ƙaiƙayi ne, sai 'yan ƙwayoyi kamar yashi. Na so in ɓoye, ashe yana tsaye bayana. Ya karɓa ya duba, ya zuba a aljihu.

Talata, 16 ga Satumba
Yau bayan la'asar na ce wa Baba na karanta sabon labari, masana sun sake lissafi, ashe hayaƙin ba zai kai Afirka ba, teku zai tare shi. Ban san daga ina maganar ta fito ba. Barira na tankaɗe, ta tsaya, ba ta dube ni ba.
Ya ce, "Ka tabbata?"
Na ce na tabbata.
Ya yi hamdala sau uku. Ya cinye tuwonsa har ya nemi ƙari, yana ba Barira labarin gonar da zai nema aro baɗi wajen ƙauyen Yasore.
Gobe ina da aji uku, darasin hasken rana da tsiro. Zan koyar da abin da ke cikin littafi kawai.