Lambar da Ka Ba Dogo

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Mu nan lafiya lau. Ƙafar Inna ta yi sauƙi, har ta koma biyo ni da faɗa zuwa bakin ƙofa, ka ga kuwa an warke. Baba yana nan manne da rediyonsa. Auta kuma ta yi tsayin da ba ta gaida kowa sai an tuna mata.

Saƙonka ya iso shagonmu na gyaran kwamfuta. Ni na karɓi kwalin a hannun direba, ni na farke shi, na ga faifan asali mai ɗora wa inji babbar manhajarsa yana ta sheƙi. Na zazzage kwalin ina neman lambar lasisi, babu. Sai ga Dogo ɗan Kawu ya ɗaga wayarsa yana murmushi, wai in daina wahala, shi ka turo wa. Yaya, sai da na nemi bencin masu jira na zauna. Ni na riƙe maka tsani ranar da ka kafa allon shagon nan, kuma yatsana har yau da tabon ƙarfen dalma. Dogo kuwa bara-bara ya zo da takardar makarantarsa a leda.

Ka san ni ba na haɗiye abu shiru. Na sayo faya-fayai marasa komai na dinga kwafa har injin ya yi zafi, na kife su a tebur tare da na asalin, na ce mai lamba ya nuna nasa. Ko ƙiftawa bai yi ba ya zare shi. Ya kuma ɗauko takardar ƙa'idar da ke cikin kwalin ya hau yi mini karatu, wai kwafi ɗaya aka yarda a ajiye saboda ko faifan zai karce, lamba ɗaya kuma inji ɗaya, wanda ya sayar da kwafi ya jawo wa shago fitina. Don haushi na ɗaure sauran da zare na rataye a saman kujerarsa, fanka na juya su suna haske masa ido. Ɗaya na ɗora a tsohon injina. Ya hau lafiya, amma kullum da ɗan rubutu a kusurwar allo yana tambayata lamba, kamar ana tuna mini matsayina.

Na kai ƙara wurin Malam na makarantar allonmu, ina sa ran fatawa ta faɗo gefena. Na ce masa tun muna yara kwafar karatu muke yi a allo, mu wanke mu sake, ba wanda ya taɓa tambayarmu lamba. Ya yi dariya har da tari, ya ce wancan kyauta aka ba duniya, wannan kuwa masu shi sun gindaya sharaɗi, wanda ya yi amfani da shi ya ɗauki alkawari. Da ya tsaya nan da sauƙi. Sai ya ƙara da cewa rubutu kowa na iya kwafa, amma izini malami ke duba ɗalibansa ya zaɓi wanda zai ba. Bai san ciwona ya taka ba.

Ƙarshe dai mun ɗora na asalin a babban injin shago. Dogo ya shigar da lambar yana kare ta da tafin hannu, sai ka ce zan lashe ta. Ana zuwa wurin sunan mai inji wata mata ta kira shi waje kan cajarta, ni kuwa na lallaɓa na rubuta Hatsabibi, sunan da kai ka laƙaba mini. Na koma gefe ina jiran rigima. Da ya dawo ya gani sai ya yi dariya ya ce a bar shi haka, ai na fi shi daɗewa a shagon. Wallahi wannan kirkin nasa ya fi komai ƙona mini rai. Yanzu kullum da safe inji na gaishe ni da sunana, ni kuma na san aron kujera aka ba ni.

Ba lambar ce ta dame ni ba, Yaya. Ran nan Auta ta kunna gaisuwar muryar da ka turo mata, na ji irin tawa ce sak, har tarin da ka yi a tsakiya. Ta Kawu ma haka. Ashe kai ma kwafi kake raba mana, abu ɗayan da ba ya kwafuwa kuma Dogo ka ba. In ka ga wasana ya yi yawa da ba za a ba ni amana ba, ka faɗa mini da bakinka, zan ɗauka, zan ma rage. In mantuwa ce, to ka kira ni, ni kaɗai, ko zagina ne ka yi, in dai da sunana a ciki.

Inna da Baba suna sa maka albarka. Kawu da Auta suna gaisuwa, Dogo ma ya ce in gaishe ka, na isar don Allah kawai. Ka gaida Anti, ka ja mini kunnen yaran. Wannan takardar da hannuna na rubuta, kuma ba ta da kwafi.

Ƙaninka mai jiran kira,
Hatsabibi