Sitikar Baba a Kan Keken Ɗinki

Babba,

Bayan gaisuwa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Da hannu na rubuto, don in ta waya ce, babban yatsa za ka ɗaga min ka wuce.

Wayata ta faɗa bokitin wanki. Sabuwar da Auta ta sayo min wayam take. Ba abin da ya hana ni sukuni sai sitikar nan ta marigayi babanku, wadda kuka yi da hoton da kuka ɗauke shi yana gyangyaɗi a kan keken ɗinki, baki buɗe, tef a wuya. Duk ƙannenka na tambaya, sai kame-kame suke. Turo min ita.

Ummanka.

Umma,

Ina gaishe ki, Allah ya ƙara lafiya.

Gaskiya ba ni da ita. Kin tuna da can fuskokin dariya muke jefa wa juna a guruf ɗin gida, sai sitikar Baba ta zo ta kore su duka. Wanda ya gaji ya tura, wanda aka aika bai je ba ya tura. Bayan rasuwarsa muka haɗa baki mu biyar muka goge, kada wani ya manta ya tura hankalinki ya tashi. Shi ya sa muka koma hannun addu'a. Ki yafe mana.

Ɗanki.

Babba,

Ina amsawa. Sannunku da shawara, manya! Wa ya tambaye ni?

Kwana uku ina zagaye ɗaki na kasa zama. Babanku shi kansa ya fi ku amfani da ita. Bai iya rubutu a waya ba, yatsunsa sun yi kauri. In ya rufe shago sai ya turo min ita, in san yana hanya in ɗora masa ruwan wanka. Daga gadon asibiti ma ita ya turo min ƙarshe. Shekara biyu kun mai da guruf gidan makoki. Mijina nake kewa, ba hoton bangon nan da ya ɗaure fuska ba.

Ka gaida yara.

Ummanka.

Babba,

Gaisuwa mai yawa. Auta ta ce a aljihun keken ka tono tsohuwar wayarsa, ƙarƙashin zare. Allah ya yi maka albarka.

Sitikar ta shigo jiya da yamma. Sai da ruwa ya yi zafi na tuna babu mai wankan.

Gobe ma ka turo.

Ummanka.