Haƙorin da Na Ajiye wa Likita

Zuwa ga uwar 'ya'yana,

Gaisuwa mai yawa. Yaya yara, yaya ƙafar Inna? Ni lafiyata ƙalau, in ban da bayana da ke gaishe ni duk sanda na ɗaga buhu a sito.

Na ji 'yarmu za ta koma karatun likitan haƙori. Ni da na tsaya a aji huɗu, na zaci digiri na biyu gyara ce, irin wadda mai awo ke ƙara wa wanda ya saya da yawa. Ashe masu tallafin karatu sun ce wanda ya ci sau ɗaya ba shi da ƙari, sai dai rance. Takardar rancen ta iso, na sa hannu na tsaya mata. Sai da na gama yi wa sunana ado abokin ɗakina ya karanta mini cewa gidanmu ne jingina.

Karatun shekara biyar ne fa. Jiya shugaban aiki ya tsaya yana kallon yadda nake miƙewa, ya tambayi shekaruna. Na rage takwas, ya rubuta wani abu. Tun lokacin nake tsoron kada a sallame ni. Kada ki gaya mata.

Ki dai ce mata ina da haƙori ɗaya mai girgiɗi, na hana a cire, nata ne. Ni da shi mun yi alkawarin jiranta. Ki taya mu da addu'a, kada ɗayanmu ya faɗi.

Allah ya yi mata albarka.

Naki,
Maigida, gwanin sa hannu