Emil Janda a Bakin Ƙofa

Satumba

Zuwa ga Yayata Verna,

Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da mijinki Hoyt da jikoki. Ina fata ciwon gwiwarki ya fara barin ki ki yi barci. Ki ce wa Hoyt na ji labarin ƙaton kifin da ya kama, kuma ban yarda ba.

Kin tambayi yadda muke ciki da sabuwar dokar. To, ta fara aiki. Yanzu duk mai lasisi yana iya shigowa jami'a da ƙaramar bindigarsa, muddin tana ɓoye a riga ko a jaka. Ofisoshinmu kaɗai aka bar mana mu malamai. Kana iya hanawa, amma manna takarda a ƙofa ba ya wadatarwa, sai ka faɗa da bakinka, kuma lauyan jami'a ya ce gara a maimaita wa mutum duk zuwan da ya yi. Saboda haka ƙanwarki, da furfurarta da digirinta na ilimin ciyawa, ta koma aku. Kowa ya ƙwanƙwasa sai in ce, "Sannu da zuwa, ba a shigo min ofis da bindiga." Na faɗa wa mai gyaran wuta, na faɗa wa shugaban sashenmu, har wata ɗaliba da ta zo riƙe da jariri na faɗa wa.

Kowa dariya yake yi ya shigo, ban da mutum ɗaya. Ranar Talata wani dattijo mai kiwon shanu ya zo da buhun ciyawa, wai shanunsa suna ci suna tangaɗi. Sunansa Emil Janda, dogo ne, matarsa ta rasu da daɗewa. Na yi masa karatun nawa. Sai ya cire malafa, ya ce, "Na ji, Dakta," ya ja ya tsaya a dokin ƙofa, ya miƙo min buhun daga can. Yaya, sai da na ɗan jima kafin na gane abin da tsayuwar take nufi: da bindiga a jikinsa. A haka muka yi maganar shanu, ni a kujera, shi a tsaye kamar wanda ya zo biko.

Ki kula da kanki.

Ƙanwarki,
Lorene

Nuwamba

Yaya Verna,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyar gida. Na gode da burodin masarar da kika aiko, ko kwana bai yi ba.

Na ga tsokanar da kika yi a ƙarshen wasiƙarki. E, Emil ya dawo. Duk Talata yana zuwa. Tun zuwansa na biyu na gano ciyawar da ke bugar da shanun, na faɗa masa yadda zai kashe ta, amma mutumin nan bai daina samo sababbin ciyayi ba. Makon jiya abin da ya kawo irin wadda ke tsirowa a bakin wurin ajiye motocinmu ce, har da jiƙar ruwan famfon jami'a a jikinta. Ban nuna na gane ba.

Kullum sai in faɗi maganata, ya ce ya ji, ya tsaya. Ofelia, sakatariyar sashenmu, ta gaji da ganinsa a tsaye ta ajiye masa kujera a baranda, daidai ƙofata. Yanzu yara suna kiran wurin ofishin Mista Janda. Ofelia ta ce min, "Dakta, ni dai in za a ɗaura auren nan, a gaya min ta wane gefen ƙofa zan tsaya."

Na tambaye shi me ya hana ya bar abar a cikin a-kori-kurarsa. Ya ce bindigar da aka bari a mota ɓarawo aka ajiye wa. Tasa wuri biyu ta sani, ƙugunsa ko akwatin ƙarfe a gida, kuma tsakanin gidansa da nan akwai doguwar hanya da aladun daji da macizai. Tun yana saurayi bai taɓa fita babu ita ba.

An kira taro a babban zaure kan ko a roƙi majalisar jiha ta janye dokar. Na tashi na ce aji wurin gardama ne, kuma ba wanda zai yi gardama da zuciya ɗaya yana kallon kumburin rigar na kusa da shi. Ina zama sai ga Emil ya miƙe daga kujerun baƙi. Ya ce mugu ba ya neman lasisi, kuma jikarsa tana tafiya ita kaɗai daga ɗakin karatu zuwa mota, ya fi so ta sami abin kare kanta. An tafa masa, an tafa min. Da aka tashi ya same ni ya ce, "Dakta, kin fi ni iya magana, amma ni ne da gaskiya. Zo mu je mu ci gasasshen nama."

Na ƙi. Na ce mutumin da ba zai iya shiga ofishina ba, ni ma ba zan shiga motarsa ba. Ina son zuwa, Yaya, ba zan ɓoye miki ba. Amma ke kin san dalilina. Ƙanenmu Royce yana da shekarun yaran nan ranar da aka ce masa ya faɗi jarrabawa, kuma bindigar Baba tana kusa. A ranar muka rasa shi. A ofishin nan nake gaya wa yara sun faɗi. Ina so wanda ya ji wannan magana daga bakina ya kasance ba abin da ke kusa da hannunsa sai ƙyallen share hawaye.

Ki gaida kowa.

Taki,
Lorene

Fabrairu

Yayata,

Bayan gaisuwa, ya sanyi? Na ji daɗi da likita ya ce ba sai an yi wa gwiwar aiki ba.

Ni kam lafiyata ƙalau, haushi ne kawai ke damuna. Emil ya daina zuwa. Zuwansa na ƙarshe, kafin Kirsimeti, ya sake maganar cin naman, ni kuma bakina ya fi ni sauri. Na ce masa na gaji da hira da mutum ta ƙofa kamar mai sayar da tikiti, ya zaɓa, ko ni ko ƙarfen ƙugunsa. Bai yi fushi ba. Ya ce, "Lorene, ban taɓa tsallake maganarki ba ko sau ɗaya. Ban san kuma abin da zan ƙara ba." Ranar ce ya fara kiran sunana, kuma ita ce ranar da ya sa malafa ya tafi.

Kujerar tana nan a baranda. Mai shara ya so ya ɗauke, Ofelia ta ce ya taɓa ya gani.

Na karanta shawararki har na haddace. Kin ce tunda hanin a bakina yake, in ya dawo in yi shiru kawai, shi ke nan ya shigo ba wanda ya karya komai. Da farko na ji haushinki. Amma na zauna na duba: mutumin da zai iya shigowa tun ranar farko ba tare da na sani ba, shi ne kaɗai ya tsaya. Sauran da suke dariya suna shigowa, Allah kaɗai ya san abin da ke jakunkunansu. Ban canza ra'ayi kan dokar jihar ba, wauta ce. Sai dai ina kewarsa, kuma a shekaruna ba na jin kunyar faɗa.

Jiya na aika masa saƙo cewa akwai wata ciyawa da nake so ya gani. Ƙarya ce, ba wata ciyawa.

Ƙanwarki mai taurin kai,
Lorene

Maris

Zuwa ga Yaya Verna,

Ina gaishe ki da Hoyt da yara duka, da fatan wasiƙar nan ta same ku cikin ƙoshin lafiya. Ki nemi wuri ki zauna kafin ki ci gaba.

Ya zo ranar Talata, da farar riga mai guga, ba buhu. Na ji takunsa tun daga matakala. Ya tsaya inda ya saba, ya cire malafa. Ni kuma na dafe tebur, na ce, "Sannu da zuwa, Emil," na kama bakina. Ban taɓa barin maganar nan ba tun da aka fara dokar, sai ranar.

Ya jira. Ofelia ta daina buga na'ura, baranda ta yi tsit.

Can ya ce, "Dakta, kin manta karatunki."

Na ce ban manta ba, ya shigo.

Ya girgiza kai. "A'a. Ba don ni za ki bar shi ba. Gobe wani yaro zai zo, kuma kina da dalilinki. Faɗi."

Na ce, "Kai wai wane irin mutum ne? An buɗe maka ƙofa kana neman a rufe?"

Ya ce, "Lorene, tun daga gida nake tuƙi ina jin kamar na fito ba wando. Kowane alade na hanya sai da ya kalle ni. Kada ki sa wahalata ta tashi a banza. Faɗi."

Sai a lokacin na kalli ƙugunsa da kyau, ashe babu bindiga. Na faɗa, Yaya: ba a shigo min ofis da bindiga. Ya ce, "Na ji," ya ɗaga ƙafa ya shigo.

Mutumin da ya yi wata da watanni yana zuba a bakin ƙofa, da ya zauna a gabana sai magana ta ƙare masa. Ya kalli littattafai, ya kalli taga, ya ce ashe ofishin ƙarami ne. Ni kuma ina ta neman abin share ido. Daga baranda Ofelia ta ce, "Mista Janda, in ba za ka tambaye ta ba, ni zan tambaya maka, ina da aiki."

Ya tambaya ko zan aure shi. Na ce sai mun ci naman tukuna, in ga yadda yake tauna. Mun ci a ranar, kuma a hanya mun yi gardamar dokar tun daga ƙofar jami'a har wurin mai gashi, ba wanda ya matsa ko taƙi. Ya ce duk Talata zai riƙa barin bindigar a gida, sauran ranaku kuma kada in sa baki. Na ce zan ci gaba da tashi a kowane taro ina sukar dokar, shi ma kada ya sa baki. Ya ce wannan kam ba zai iya alkawari ba.

Na amsa masa, Yaya. Ki fara lallashin gwiwar nan, don a watan Yuni ke za ki tsaya kusa da ni a coci.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Lorene